DARASIN WATA: Su da Kwale-kwale a Gindin Duwatsu, Yadda Za a Je Lafiya a Dawo Lafiya

Darasinmu na wannan wata na masunta ne, da matasan da suka fara sha'awar sana'ar su, da kuma iyayen da 'ya'yansu ke zuwa bakin dam. Muna roƙon malaman azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙasar Kankiya da Kusada su karanta shi a aji sannu a hankali, kashi-kashi. Wanda ya iya karatu kuma ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, domin magana ce ta rai.

Abin da darasin ke son koyarwa shi ne wannan: wurin da kifi ya fi taruwa a dam, wato gindin duwatsu da kututturan da ruwa ya rufe, nan ne kuma kwale-kwale ya fi fashewa ko kifewa. Masunci ba zai daina zuwa wurin ba, don can abincinsa yake. Saboda haka wajibi ne ya san yadda zai shirya, da yadda zai kusanci wurin, da lokacin da zai haƙura ya juyo gida.

RUWAN DA MUKE DA SHI

Ƙasarmu ba ta da teku, ba ta kuma da babban kogi mai gudu rani da damina. Abin da muke da shi madatsun ruwa ne. Akwai dam ɗin Kusada da wasu ƙananan madatsu da tafkuna a karkarar Kankiya. Yamma da mu akwai dam ɗin Zobe a ƙasar Dutsin-Ma, wanda aka gama a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, mai iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 170. Kudu maso gabas kuma, cikin Jihar Kano, akwai dam ɗin Watari a Bagwai.

Abin lura a nan shi ne, dam ruwa ne da aka tare ya hau kan ƙasar da a da mutane ke takawa. A ƙarƙashinsa akwai fa da manyan duwatsu, da kututturan itatuwa, da suri, da tsofaffin kwaruruka, wani wuri ma har da kufai da rijiyoyi. Duk suna nan, ido ne kawai ba ya ganinsu, musamman da damina in ruwa ya yi ja.

Masuntan bakin teku, irin na Legas ko na ƙasar Gana, su ma suna zuwa su a kan duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa. Su ruwansu yana cika yana janyewa sau 2 a kowace rana, don haka kullum suna lissafin lokaci. Namu ruwan sau ɗaya yake cika a shekara, wajen watan Agusta da Satumba, sa'an nan ya riƙa ja da baya har ƙarshen rani. Dutsen da ka wuce ta kansa lafiya a watan Oktoba, yana iya fasa maka jirgi a watan Fabrairu, don ruwan da ke kansa ya ragu. Dutsen da kowa ke gani a fili a watan Afrilu kuwa, a watan Agusta ya ɓuya.

ME YA SA KIFI KE SON GINDIN DUTSE?

Dalilai uku ne. Na farko abinci: gansakuka na fitowa a jikin dutse da itace, ƙwari da ƙananan kifaye na zuwa cinta, manyan kifaye kuma na biyo su. Na biyu mafaka: tarwaɗa da kurungu na son rami da inuwa, su ɓuya da rana su fito da dare. Na uku, karfasa na yin gurbi a wuri marar zurfi sosai, kuma 'ya'yanta na samun maɓoya a tsakanin duwatsu da rassa.

To, abin da ya jawo kifi shi ne ke kawo matsala ga masunci. Dutse na fasa katako. Kututture na riƙe kalli da mamari. Igiyar ruwa kuma, in ta zo kan wuri marar zurfi, sai ta miƙe ta yi tsini ta fashe, ko da sauran dam ɗin a kwance yake. Ga kuma wani ruɗi: yawancin irin waɗannan wurare ba su da nisa da gaɓa, sai mutum ya ce ai ga tudu can ina gani, ko me ya faru na iya fita. Ruwan da ya wuce tsawon mutum ya isa ya ci shi, ko da taku 20 ne tsakaninsa da tudu.

ABIN DA YA FARU A MAƘWABTA

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ruwa ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a kan dam ɗin Watari, ya kife. An tabbatar da rasuwar aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Abin da aka fi ambata a matsayin sanadi shi ne lodin da ya wuce kima. A watan Mayu na 2022 kuma, lokacin bikin ƙaramar Salla, wani kwale-kwale ya kife a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa ta jiharmu, aƙalla mutum 15 suka rasu, akasarinsu yara. Allah ya jiƙansu da rahama.

Waɗannan jiragen fito ne, ba na su ba. Amma darasin ɗaya ne, kuma ya nuna cewa ruwan dam na kashewa kamar yadda babban kogi ke kashewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a duniya a shekarar 2021. A shekarar 2021 ɗin ne kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kan nutsewa.

Wani zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne ajali na hannun Allah. Amma malamanmu sun koyar da mu cewa tawakkali tare yake tafiya da riƙon sababi. Manomi ba ya ƙin shuka ya ce arziki na Allah ne.

KASHI NA ƊAYA: KAFIN A BAR GAƁA

Rabin tsaron masunci a kan tudu ake yinsa. Ga abubuwan da za a duba kowace rana:

1. Jirgi. A duba gindinsa da mahaɗar katakai. In akwai tsaga a toshe ta tun a tudu. Katakon da ya yi laushi har farce na shiga, ya ruɓe, a canja shi. Jirgin da ya daɗe a rana yakan bushe ya buɗe, sai a jiƙa shi a bakin gaɓa ya kwana kafin a fita da shi.

2. Filafili biyu. In ɗaya ya karye ko ya suɓuce, ga wani. A ƙara da doguwar gora ko gwangwala, don tura jirgi da kuma auna zurfi.

3. Abin kwalfe ruwa. Ƙwarya ko yankakkiyar jarka, a ɗaure ta da igiya a jikin jirgi don kada ta tafi a lokacin da ake bukatarta.

4. Rigar kariya ga kowane mutum, a jiki, an ɗaure maɗauranta. Rigar da aka zauna a kanta ko aka cusa a ƙarƙashin koma ba ta ceton kowa, don jirgi ba ya sallama kafin ya kife. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja, ta daɗe tana gargaɗi a kan abubuwa uku: shiga jirgi ba rigar kariya, da lodi fiye da kima, da tafiyar dare.

5. Jarka marar komai, mai murfi da ke rufuwa ƙam. Wanda bai sami rigar kariya ba tukuna, kada ya fita ba jarka. Jarka mai cin lita 20, in babu komai a ciki kuma a rufe take, tana iya ɗaga nauyin da ya kusa kilo 20 a ruwa, wannan kuwa ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. Irin aikin da gora ke yi wa masuntan Argungu ke nan. A ɗaura mata igiya mai hannu. Amma a sani jarka sai da ƙarfin hannu, in mutum ya suma ko ya gaji za ta kuɓuce masa. Saboda haka a ci gaba da neman rigar.

6. Anga da igiyarta. Dutse mai nauyi da aka ɗaure da kyau ya isa ga ƙaramin kwale-kwale.

7. Wuƙa mai kaifi cikin kube, a ƙugu, inda hannu zai kai nan take.

8. Usur, da tocila, da ruwan sha. Mai wayar hannu ya sa ta cikin leda ya ƙulle, ya rataya a wuya.

9. Sutura marar nauyi. Babbar riga da takalmin roba mai tsawo suna cika da ruwa su hana mutum motsi.

10. Sallama. A gaya wa mutanen gida ko Sarkin Ruwa wurin da za a, da wanda za a tafi da shi, da lokacin dawowa. In an ce bayan Azahar, to a dawo bayan Azahar. Mutumin da ba a san inda ya nufa ba, ba a san inda za a neme shi ba.

Mutum biyu sun fi ɗaya, jirgi biyu kuma sun fi jirgi ɗaya. Wanda bai iya iyo ba kada ya shiga kwale-kwalen su sai ya koya. Wanda ke da farfaɗiya ko yawan jiri kada ya fita shi kaɗai. Wanda ya sha ƙwaya ko wani abin maye don wai ya ji ƙarfi, kada a yarda ya hau jirgin kowa.

KASHI NA BIYU: LISSAFIN LODI

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan in ruwa cikin jarka 4 masu lita 20 ya taru a cikin jirginka, ka ɗauki kilo 80, kamar ka ƙara ƙaton mutum guda. Wannan baƙon kuma ba ya zama wuri ɗaya. Da jirgi ya ɗan karkata sai duk ruwan ya gangara can, ya ƙara danne gefen. Shi ya sa ake kwalfewa tun ruwan yana kaɗan.

A tuna kuma jirgi ya fi nauyi a dawowa. Kalli ya jiƙe, ga kifi, ga ciyawa da laka, ga gajiya. Saboda haka tun a gaɓa a bar wa dawowa wuri. Bayan kowa ya zauna an sa kaya, a auna tsakanin ruwa da bakin jirgi a wurin da ya fi ƙasa. In bai wuce taƙi guda ba, kaya sun yi yawa, a rage. Yana da kyau a ja layi da fenti a jikin jirgi, in ruwa ya taɓa layin kowa ya san an kai iyaka, babu gardama.

Kaya masu nauyi a shimfiɗa su ƙasa, a tsakiya. Kada a tara su a goshi ko a gefe guda. Kwale-kwalen su kuma ba na fito ba ne. Ranar Salla ko ranar biki yara kan zo da 'yan kuɗinsu su ce a zaga da su. Kada a yarda.

KASHI NA UKU: A DUBI SAMA

Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take busowa, amma hadari daga gabas yake tasowa. Alamunsa sanannu ne: gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke a ji shiru da zafi, sa'an nan wata iska mai sanyi ta taso da ƙura. Wannan iskar ta gaban hadari ita ce ke kifar da jirgi, kafin ma ɗigon farko ya sauka. Irin wannan hadari yakan yi tafiyar kilomita 50 a awa ko fiye, mai tuƙi da filafili kuwa da kaɗan ya fi mai tafiya a ƙasa sauri. Ba a tsere da hadari. Da an ga gabas ta haɗa, a naɗe kaya. In lokaci ya ƙure a bar kalli a ruwa, a nufi gaɓar da ta fi kusa, ko da ba ta garinku ba ce.

Ga hanyar sanin nisan tsawa. In ka ga walƙiya sai ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgarka ba ta wuce 30 ba, tsawar ba ta fi kilomita 10 daga gare ka ba, kuma mutumin da ke kan ruwa shi ne abu mafi tsawo a wurin. A fita, kada kuma a fake a gindin itace.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska daga arewa maso gabas take zuwa, takan kuma ƙara ƙarfi da hantsi. Hazo na ɓoye gaɓa har mutum ya rasa gabas da yamma. Ruwan asuba kuma yana da sanyin da ke kashe hannu da ƙafa, gwanin iyo ma ya kasa. A irin wannan lokaci kada a yi nisa da inda ake ganin tudu.

A lura da wani abu kuma. Igiyar ruwa tana girma ne gwargwadon nisan da iska ta yi a kan ruwa. Gaɓar da iska ke fitowa daga gare ta takan kwanta lumui, gaɓar da iska ke dosa kuwa can ake tumbatsa. Mutum na iya tashi daga wuri mai lafiya, iska na tura shi ta baya yana jin daɗi, sai ya zo juyowa ya tarar ba hali. Dabara ita ce a fita ana fuskantar iska tun da sauran ƙarfi, a dawo tana turowa.

KASHI NA HUƊU: YADDA AKE KUSANTAR DUTSE

1. A san wurin tun da rani. Watan Afrilu da Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya, a zaga a ga inda kowane dutse da kututture yake. A riƙe shaida a tudu: misali, dutsen na daidai inda kukar can ta saitu da hasumiyar masallaci, ta ɗaya gefen kuma inda giginya ta saitu da bakin kwari. Inda layukan biyu suka haɗu nan dutsen yake. Ga amfanin karatu: a rubuta a littafi, a zana taswira, a nuna wa yara.

2. Baƙon ruwa ya tambayi 'yan gari. Wanda ya saba da dam ɗin Kusada, in ya je Zobe ko Watari, ɗan koyo ne. Ya fara gaida Sarkin Ruwan wurin ya nemi bayani.

3. A rage gudu tun daga nesa. Na gaba ya riƙa soka gora yana faɗin zurfi. Ruwan da ya canja launi, ko yake murɗawa, ko ƙananan igiyoyi ke fashewa a wuri guda, akwai abu a ƙarƙashinsa. Mai inji ya kashe ya ɗaga shi, a ƙarasa da filafili.

4. In akwai 'yar iska, a tsaya ta gefen da dutse ya ba iska baya, domin in wani abu ya kuɓuce iska ta ture jirgi nesa da dutsen. Wanda ya tsaya tsakanin iska da dutse, anga kaɗai ke riƙe da shi, in ta ja sai kan dutse.

5. A ɗaure igiyar anga a goshin jirgi. Kada a ɗaure ta a gefe ko a baya, don igiyar ruwa za ta riƙa duka tana shigowa. Tsawon igiya ya ninka zurfin ruwa aƙalla sau 3, in da iska sau 5. Misali, zurfin gaba 3 na bukatar igiya gaba 9 zuwa 15. A sauke anga a hankali, kada a jefa, a kuma tabbata igiya ba ta naɗe ƙafar kowa ba.

6. In anga ta maƙale kuma yanayi na ɓaci, a yanke igiya. Dutse ne, akwai wani a tudu.

7. Kada a kusanci bangon dam, da inda ruwa ke malala in dam ya cika, da wurin da ake sakin ruwa zuwa gonaki ko famfo. Akwai jan ruwa a wuraren nan wanda ba a gani daga sama.

KASHI NA BIYAR: IN KOMA TA MAƘALE

A nan ne masunta da yawa ke gamuwa da tsautsayi. Kalli ko birgi ya kama kututture, mutum ya miƙe tsaye ya jingina a gefe yana ja da ƙarfi. In ta saki farat ɗaya sai ya faɗa ta baya, in ta ƙi saki sai gefen jirgi ya nutse.

Abin yi shi ne a zauna ko a durƙusa, a kai igiyar goshin jirgi, a ja daga can. In ta ƙi, a zagaya ta ɗaya ɓangaren a gwada. In ta ƙi dai, a ɗaura mata galan ya zama shaida, a dawo da abokan aiki in ruwa ya kwanta. Kada a yi nutso don kwance koma, balle mutum yana shi kaɗai. Zaren da ya riƙe tarwaɗa zai riƙe yatsa da maɓallin riga. Mai jefa birgi ya yi wa igiyar hannunsa madauki mai saurin zamewa. Mai mamari kuma kada ya naɗa igiya a hannu ko a ƙafa, ya kuma jera ƙugiyoyinsa a wuri guda.

Cikin jirgi mutum ɗaya ke motsi a lokaci guda, yana sunkuye yana dafe da gefe biyu. In babban kifi ya zo, kada kowa ya ruga gefe guda kallo. A yi hankali da ƙayar kurungu da ta tarwaɗa, don zabura daga sukarsu ma na iya karkata jirgi.

Akwai masu zuba guba ko maganin ƙwari a gindin duwatsu don kifi ya fito. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki. Ruwan nan shi mutane da dabbobi ke sha.

KASHI NA SHIDA: IN JIRGI YA KIFE

Kada a rabu da jirgi. Kwale-kwalen katako ko ya cika da ruwa yawanci ba ya nutsewa duka, kuma an fi hango jirgi daga nesa a kan kan mutum. A kama shi, a ƙirga mutane, a nisanci koma da igiyoyi. A busa usur, a ɗaga hannu ko riga. Tudu yakan yi kamar kusa alhali da nisa, ruwa kuwa ya sha cin gwani. Wanda ya rabu da jirgi ya gaji, ya kwanta rigingine ya buɗe hannuwa ya huta, ya riƙa numfashi a hankali.

Ga na tudu ko na wani jirgi: mai nutsewa sau da yawa ba ya iya ihu, kuma abin ba ya ɗaukar lokaci. A fara miƙa masa gora ko filafili. In bai kai ba a jefa masa jarka ko igiya. In da jirgi a je da shi, a sa shi ya kama ta baya ko ta goshi, don in ya hau ta gefe zai kifar da masu ceton. Faɗawa ruwa shi ne na ƙarshe, sai gwani, shi ma da jarka a hannu, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame wanda ya zo ceto su tafi tare.

In an fito da mutum, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. In yana yi, a juya shi ya kwanta ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. In ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 5, ana ganin ƙirji na tashi. Sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Kada a tsaya danna ciki ko a ɗaga shi ƙafa sama wai don ruwa ya fita. Iska yake bukata, kuma ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba numfashi. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi Babban Asibitin Kankiya ko asibiti mafi kusa, don ruwan da ya shiga huhu na iya tayar da ciwo bayan wasu awoyi. Malaman aji su gayyaci ma'aikacin lafiya ya nuna wannan aiki a fili, domin gani ya kori ji.

AIKIN GARI

Masunta su kafa ƙungiya ko su ƙarfafa wadda ke akwai. Da adashi za a iya sayen rigunan kariya ɗaya bayan ɗaya har kowa ya samu. A ajiye littafi a mashiga, a riƙa rubuta wanda ya fita da wanda ya dawo. A kafa doguwar gora da jarka mai igiya a bakin ruwa don ko-ta-kwana. Da rani a sa alama a kan duwatsun da ke kan hanyar jirage. Masu unguwanni da limamai su taimaka da faɗakarwa, musamman gab da Salla da Mauludi. Iyaye mata kuma su san inda yaransu suke in an tashi daga makaranta.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Faɗi dalilai uku da ke sa kifi taruwa a gindin dutse.
2. Me ya sa dutsen da bai hana ka wucewa a Oktoba ba zai iya fasa jirgi a Fabrairu?
3. A wane ɓangare na jirgi ake ɗaure igiyar anga? Don me?
4. In koma ta maƙale a kututture, mene ne abin yi, mene ne abin bari?
5. Lissafi: zurfin ruwa gaba 4 ne, ana iska. Gaba nawa na igiya ake bukata?
6. Lissafi: ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙa 18 kafin ka ji tsawa. Kilomita nawa ne tsakaninku?
7. Rubutu: rubuta sunayen abubuwa 5 da za ka duba kafin ka bar gaɓa.

Kowane aji ya aiko mana da amsoshinsa ta hannun mai kula da azuzuwan yankinsa. Masuntan da ke da wata dabara da ba mu ambata ba su ma su rubuto, za mu buga don amfanin 'yan'uwa. Allah ya tsare mu, ya ba da sa'ar kamu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.